Gumin Mace Da Haƙƙin Da Ke Cikinsa: Darasi Ga Mata Masu Sana'a Da Mazajensu

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa maza da mata, Ya halatta ciniki Ya haramta zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya san ƙasar nan tamu, daga Tajaye zuwa Illela, daga Malbaza zuwa Birnin Ƙonni, ya san abin da ke faruwa da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu. Magidanta da samari sai su ɗauki jaka su nufi Abijan, ko Legas, ko Libiya da Aljeriya, wasu wata shida, wasu shekara biyu ba a ga ƙeyarsu ba. Gida kuwa ba ya rufe baki don mai shi ya yi tafiya. Mata ne ke tashi tun kafin kiran assalatu su soya ƙosai, su matse man gyaɗa, su yi dashen albasa a fadamun Galmi da kwarin Magiya, su yi kiwon awaki, su taka keken ɗinki. Cikinsu akwai malaman makaranta, akwai unguwarzoma da masu jinya, akwai masu aiki a ofishin magajin gari. Saboda haka ba za mu ɓata lokacin jama'a da tambayar ko mace tana aiki ba, domin idanunmu sun riga sun ba mu amsa. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne wannan: abin da ta samu da guminta na wane ne, kuma yaya za ta riƙe shi har ya amfane ta duniya da lahira, ba tare da ya zama sanadin mutuwar aurenta ko zubewar mutuncinta ba.

Mu fara da asali. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 32, Allah Ya tabbatar wa maza rabo daga abin da suka tsiwirwira, Ya tabbatar wa mata irin wannan rabo daga nasu. A aya ta 4 ta wannan sura kuma Ya yi umurni a bai wa mata sadakinsu, bai halatta wa miji cin wani abu daga ciki ba sai abin da ta bayar da daɗin rai. Uwar Muminai Nana Hadiza attajira ce, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya yi fatauci da dukiyarta kafin ya aure ta. Nana Zainabu 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Imamu Muslim ya ruwaito cewa ƙanwar mahaifiyar Jabiru ɗan Abdullahi, tana cikin iddar saki, ta so fita ta girbe dabinonta, wani mutum ya tsawata mata, amma Manzon Allah (S.A.W.) ya ba ta izinin ta fita ta girbe, ko ta samu abin yin sadaka ko wani alheri.

Amma labarin da ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne na Zainabu matar Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah Ya ƙara musu yarda. Mijinta babban malami ne cikin sahabbai, sai dai ba shi da abin hannu, ita ce ke ciyar da shi tare da wasu marayu da ke ɗakinta. Ta je ƙofar Manzon Allah (S.A.W.), ta roƙi Bilalu ya tambaya mata ko wannan ɗawainiya za ta zama mata sadaka. Aka dawo mata da bushara cewa lada biyu gare ta, ladan zumunci da ladan sadaka. Buhari da Muslim duk sun kawo wannan. To, ku lura da sunan da aka ba abin: sadaka. Ba a kira shi wajibi ba. Wanda ya sauke wajibi ya biya bashi ne, amma mai sadaka falala ya yi, kuma ya cancanci godiya. Mazaje nawa ne a cikinmu ke cin tuwon da matansu suka auno hatsinsa, suka sayi gishiri da daddawarsa, su wanke hannu su fita ko sannu babu?

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A Marata, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1754. A cikin littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajiran waje safe da yamma, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu, ba su san hukuncin alwala da salla ba, ba su san hukuncin saye da sayarwa ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su karantar da 'yan'uwansu mata. Idan Shehu ya lissafa hukuncin ciniki cikin abin da ya kamata mace ta sani, ai ya san tana ciniki ke nan.

Abin da littattafanmu suka tabbatar

A mazhabar Imamu Malik, wadda muka tashi a kanta, ci da sha da tufa da wurin kwana na mace duk suna wuyan mijinta gwargwadon ƙarfinsa, ko da ta fi shi dukiya nesa ba kusa ba. Albashinta ba ya sauke masa wannan nauyi, ribar ƙosanta ma haka. Tana da ikon saye da sayarwa da dukiyarta ba sai ta nemi izininsa ba, kuma a cikin Mudawwana an bayyana cewa ba shi da ikon hana ta kasuwanci, ko da yake yana da ta cewa game da fitarta daga gida. Iyakar da malamanmu suka sa mata guda ce: idan za ta yi kyauta ko sadaka da abin da ya haura sulusin dukiyarta, mijin yana da ikon ya mayar da kyautar. Wannan ma ba don dukiyar ta zama tasa ba ne. Abin da aka mayar hannunta yake komawa, ba aljihunsa ba.

Akwai kuma wata mas'ala a cikin Muhtasar na Shehu Halilu da mutane da yawa ba su taɓa ji ba. Idan mace ta ciyar da mijinta daga dukiyarta, ba tare da almubazzaranci ba, tana da ikon ta nemi ya biya ta, ko da a lokacin yana cikin talauci, sai fa idan ta yi ne da nufin kyauta da sada zumunci. Haka nan idan yana da hali ya ƙi ciyar da ita, ta ciyar da kanta, to bashi ne a kansa. Amma idan rashi ne na gaskiya ya same shi, ciyarwar wannan lokaci ta faɗi, ba za ta bi shi bashinta ba. Ku dubi yadda aka auna abin ta kowane ɓangare. Ba a bar miji ya ci banza ba, ba a kuma bar mace ta shaƙe wanda Allah Ya jarraba da babu ba.

A nan ne muke so 'yan'uwanmu mata su buɗe kunne da kyau, domin akwai ƙararrakin da ke zuwa gaban malamai da sarakuna da daga wannan ƙofa suke shigowa. Mace ta yi shekara goma tana tara kuɗin adashi, ta sayi siminti da kwano, ta gina ɗaki a filin gidan mijinta. Wata ta sayar da awakinta biyar ta ba shi kuɗin mota zuwa Abijan. Wata kuma kowane ƙarshen wata tana miƙa masa rabin albashinta ya ƙara a jarin albasa. Ana zaman lafiya, babu wanda ya ce uffan. Ran da aka samu saɓani, ko ya yi mata kishiya ya sa ta a ɗakin da ta gina, ko ya rasu magada suka zo rabo, sai ta ce rance ne, a ce mata kyauta ce. Alƙali ya tambaye ta shaida, domin shari'a ta ɗora wa mai da'awa kawo hujja, sai a tarar daga ita sai hawayenta. Ko da gaskiya tana tare da ita, babu mai iya hukunci da abin da ke ɓoye a zuciya.

Maganin wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umurni a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kuma kafa shaidu. Don haka ya ke 'yar'uwa, duk abin da zai fita daga hannunki zuwa hannun maigida, ki raɗa masa suna tun ranar. In kyauta ce, ki ce kyauta ce, ki nemi ladanki wurin Allah, kada kuma ki sake ambatonta, domin aya ta 264 a wannan sura ta gargaɗe mu cewa gori yana ɓata sadaka. In rance ne, ki ce rance ne, a rubuta da ajami ko da boko, a sa mutum biyu amintattu su shaida. In kuwa jari ne na haɗin gwiwa, a faɗi rabon kowa cikin riba tun kafin a sayi buhu ɗaya. Wadda ta sayi gona ko fili, ko ta gaji gamana daga mahaifinta, ta sa a yi mata takarda da sunanta. Tun bayan dokar filayen karkara ta 1993 an kafa hukumomin filaye har zuwa matakin ƙauye, kuma ana ba da takardar shaidar saye da ta kyauta da ta gado tare da sa hannun sarakuna. 

Mun san abin da za a ce. Za a ce kunya, za a ce yaya mace za ta ɗauko alƙalami tsakaninta da uban 'ya'yanta, sai ka ce ba ta yarda da shi ba. Amsarmu ita ce, ayar rubuta bashi ta sauka ne a kan sahabbai, waɗanda suka fi mu amana da son juna. Ga kuma mutuwa, wadda ba ta sallama. Mutumin kirki ma yakan rasu a hanyar Agadas ko a wani asibiti na baƙuwar ƙasa bai samu damar yin wasiyya ba, ya bar matarsa tana jayayya da ƙannensa. Namiji mai hankali shi zai fara cewa a rubuta, don ya kuɓutar da wuyansa kafin ranar da babu sefa babu naira.

Riƙon jari

Sai magana ta biyu, wadda tsakanin mace ne da kanta. Mata da yawa suna da ƙoƙarin nema, amma ba su raba uwar kuɗi da riba. Duk a bakin zane ɗaya ake ƙulle su, a ci daga nan, a yi gudummawar biki daga nan, a yi anko daga nan, sai a wayi gari babu kuɗin auno wake. Biki zumunci ne, ba mu hana ba, amma wadda ta ci jarinta don kada a ce ta gaza a gidan suna, gobe ita ce za ta tsaya ƙofar wadda ta yi wa bajintar tana neman rance. Ki ware jari daban, ki ci daga riba, ki kuma ajiye wani abu don ranar ciwo.

Kada kuma a tara komai cikin takardar kuɗi. Manya sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Mu da ke bakin iyaka mun ga abin da ya fi haka yawa: an rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, ga canjin takardun naira na farkon 2023 da faɗuwar darajarta da ta biyo baya. Masu saro kaya daga Illelar Najeriya da Sakkwato su kawo Ƙonni sun ɗanɗana kuɗarsu, wadda kuma ta cika gwangwani da naira ta ga ajiyarta ta narke tana kallo. Wadda ta raba ƙafa, wani abu a akuya, wani a buhun gero ko wake, wani a hannu, ita ce ta fi saurin miƙewa.

Adashi irin wanda muka gada, inda kowa ke zubi daidai a kwashe bi da bi, mafi yawan malamai sun halatta shi, domin babu wadda ke karɓar fiye da abin da ta zuba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu har ƙauyukanmu, sun koya wa mata tattali da lissafi da tsare alkawari, kuma ba za mu rage musu wannan ba. Sai dai inda asusu ke ba da rancen jika 10 a kan a mayar da jika 11, wannan ƙarin riba ce, ko an kira shi ladan asusu, ko an ce ai a ƙarshe tsakaninmu za a raba. Mafita tana nan kusa. Asusu ya sayi kayan da kansa, gyaɗa ce ko buhun fulawa, ya mallake shi, sa'an nan ya sayar wa mai buƙata a kan farashin da aka yanke zuwa wani ajali sananne. Ko kuwa a ba ta kuɗin a matsayin ƙiradi, ta juya, a raba riba bisa kason da aka ambata, in an yi asara ba da sakacinta ba asusu ya ɗauka. Shugabannin ƙungiyoyi su zo su zauna da malaman garinsu a gyara musu tsarin.

Dukiyar da ta zama taki, zakkarta ma taki ce, ba ta mijinki ba. Kuɗin da ya kai kimar zinariya giram 85, ya shekara a hannu, ana fitar da ɗaya cikin 40. Mai shago ko mai saye da sayarwa kullum takan yi wa hajarta kima sau ɗaya a shekara ta haɗa da kuɗin hannu. Awaki da tumaki in sun kai 40 ana fitar da guda. Albasar da mace ta noma babu zakkar amfanin gona a cikinta a mazhabarmu, sai dai kuɗinta in sun kai nisabi sun shekara. Zinariyar ado da ake sawa babu zakka a kanta, amma wadda aka saya aka ɓoye don maganin wata rana tana da zakka.

Ga masu albashi

Masu aikin gwamnati da na kamfani, ku sani albashi ladan sa'o'i ne da kuka sayar, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamar da ta bar yara sittin suna tsalle a aji ta tafi gidan biki ranar Talata, ta karɓi albashinta cif a ƙarshen wata, ta ci abin da ba nata ba. Unguwarzomar da ke daka wa mai naƙuda tsawa, ko ta ƙi duba ta sai an sa mata wani abu a hannu, ta tuna da Rufaida, wadda aka kafa wa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙu. Muna faɗin wannan da zafi ne domin kuskuren ma'aikaciya ɗaya shi ne hujjar da magidanta goma za su riƙe su hana 'ya'yansu karatu.

Kamar yadda ake neman ku da amana, haka kuke da haƙƙi, kuma ba roƙo ba ne. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba mai ciki hutun mako 14, takwas daga ciki bayan haihuwa, ta kuma ba mai shayarwa har sa'a guda a kowace ranar aiki tsawon wata 12. Shugaban da ya ɗaure ƙarin girma ko canjin wurin aiki da neman lalata ya saɓa wa Allah, kuma dokar ƙasa ta mayar da wannan laifi abin hukuntawa tun 2003. Kada a yi shiru don tsoron abin da za a ce, a sanar da miji ko waliyyi da hukuma. A naku ɓangaren ku tsare sutura, ku guji keɓewa da namiji a ofis bayan an tashi, ku bar wasa da raha marar dalili, domin bakin mutane ya fi ƙafar ma'aikaciya saurin isa gida.

Batun fita aiki kuwa, a gama shi tun kafin a shafa fatiha. Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna cewa sharuɗɗan aure su ne mafi cancantar a cika. Malamanmu na Malikiyya suna ganin cika irin wannan sharaɗi abin so ne, ba a tilasta miji a kansa sai in ya ɗaure kansa da rantsuwa ko ya mallaka wa matar zaɓi, don haka waliyyin yarinyar da ke karatun malanta ko na jinya ya bayyana maganar a gaban shaidu, a san matsayin da aka tsaya. Wanda ya ga yarinya da farar riga tana aiki a likita, ya nema, aka ba shi, bayan wata uku ya ce ta ajiye, ko ya ce sai in albashin zai riƙa shiga hannunsa, ya yi yaudara ko da alƙali bai kama shi ba. Ita kuma wadda aka yarje mata, ta san cewa izinin ba ya sauke haƙƙin miji da na yara. Ta tsara wanda zai riƙe mata goyo, ta shawarci maigida kafin ta karɓi aiki a gari mai nisa, in an tura ta nesa ta shigar da takardar neman a kusanto da ita wurin iyalinta.

Akwai wata ma'aikaciya da ba a lissafa ta, ita ce yarinya 'yar shekara tara da ke ɗauke da faranti a tashar Tsarnawa ko ta Ƙonni har bayan isha'i, tsakanin direbobi da 'yan kamasho. Uwa tana cikin gida ta tsare mutuncinta, ta tura na 'yarta kasuwa. A ce don tara kayan ɗaki ne. Mu kuma maza muna ƙorafi cewa namiji ne ya karɓi haihuwar matarmu, alhali mu muka cire 'ya'yanmu mata daga makaranta tun suna aji huɗu. Samar da mata masu karɓar haihuwa da masu karantar da 'yan mata farilla ce ta kifaya a kan al'umma, in babu mai yi duka mun yi laifi, kuma ba daga sama za su faɗo ba. Uwar da sana'arta ba ta tafiya sai da talla, ta nemi tsohuwa ko yaro babba ta biya shi lada daga riba, ko ta ajiye tebur a ƙofar gida inda idonta ke kai, yarinya kuma ta tafi makaranta da safe, islamiyya da la'asar. Ribar za ta ragu kaɗan, wannan gaskiya ne, kuma giɓin da ya samu uban yarinyar ne ya kamata ya cike shi, tun da ciyar da ita da tufatar da ita tun asali a wuyansa suke.